Na'urar bugun tsoka za ta sauke dunduniyar ɗana, ko asarar susu zan yi?

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, a Aboabo muke zaune a nan Kumasi, koko da ƙosai nake sayarwa da safe. Ɗana na biyu shekararsa 6. Na sha doguwar naƙuda a haihuwarsa, kuma da ya faɗo bai yi kuka ba sai da aka yi ta fama da shi. Daga baya likita ya ce galahanga ce, a katinsa an rubuta CP. Hankalinsa garau, yana magana, yana karatun allo. Ƙafafun ne matsala: a sandare suke, a kan yatsu yake takawa, dunduniya ba ta sauka ƙasa, sai ya dafa bango yake tafiya. Bana abin ya ƙaru. Da muna zuwa fisiyo, wurin atisayen gaɓoɓi a asibiti, na daina saboda duk ranar da muka je ba na yin ciniki, takalmin robar da aka yi masa kuma ya matse shi tuntuni. Yanzu wata maƙwabciyata ta kai ni wani asibitin kuɗi mai na'urar da suke kira shokwef. Sun ce in biya kuɗin zuwa goma gaba ɗaya, yaron zai taka ƙasa kamar kowa. Kuɗin ya kai duk abin da zan kwasa a susu, wato adashi. Maigida ya ce ko sisi ba zai ƙara ba, cin kuɗinsa da masu magani suka yi ya isa. Surukata ta ce iska ce, wai na fita da shi da magariba yana jariri, a kai shi ƙauye a yi masa tsaga. Ina tunanin in kwashi susun in biya ba da sanin maigida ba. Maganin nan gaskiya ne? Yaya zan yi?

Maman yara, Aboabo

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyarsa. Bari mu fara da abin da muke jin ya fi ci miki rai, ko da ba ki sa shi cikin tambaya ba: ba fitar magariba ce ta jawo masa wannan larura ba. Doguwar naƙuda da rashin kukan da kika ambata su ne labarin da likitoci ke yawan ji a irin wannan. Jaririn da numfashi ya yi masa jinkiri a lokacin haihuwa, sashen ƙwaƙwalwarsa mai sarrafa motsi yana iya samun rauni, sai umarnin da ke cewa tsoka ta saki ya daina isa yadda ya kamata. Raunin nan ba ya yaɗuwa, ba ya kuma ƙaruwa. Abin da kika ga ya ƙaru bana daga ƙafar yake. Ƙashin yaro yana tsawo, tsokar sharaɓa da ke a ɗaure dare da rana ba ta iya bin sa, sai agara ta ƙara jan dunduniya sama, balle ga shi fisiyo ya tsaya, takalmi ya yi kaɗan. Ba mu faɗi haka don ɗora miki laifi ba. Uwar da aka sa ta zaɓa tsakanin layin asibiti da tukunyar gida, babu mai hankalin da zai zarge ta.

Na'urar da aka nuna miki ba damfara ba ce. Alƙawarin da aka haɗa ta da shi ne ya fi ƙarfinta. Asalinta a Jamus ne, a birnin Munich, inda a shekarar 1980 aka fara farfasa tsakuwar ƙoda da igiyar bugu daga wajen jiki ba tare da tiyata ba. Daga baya aka rage mata ƙarfi sosai ana maganin ciwon agara da ciwon dunduniya da ita, sannan aka gwada ta a kan sandarewar tsoka ga masu shanyewar ɓarin jiki da yara masu galahanga. Ba wutar lantarki ake sa wa yaro ba, wannan ki cire shi daga ranki. Bugu ne na matsin iska ko na sauti da ke ratsa fata ya shiga tsoka. Iri biyu ce. Akwai mai tattara bugun a wuri guda can ciki, akwai kuma mai baza shi daga saman fata zuwa zurfin santimita 3 ko makamancin haka. Ta biyun ce aka fi samu a ɗakunan fisiyo, kuma ga sharaɓar yaro ɗan shekara 6 zurfinta ya wadatar.

Ga yadda zama ɗaya yake. Yaro zai kwanta rub da ciki, a shafa masa man nan mai santsi irin na hoton ciki a sharaɓa, a ɗora kan na'urar a kan tsakiyar naman, ana zagayawa da shi a hankali. Tana ƙara ƙas-ƙas-ƙas da sauri, ƙarar ma ta fi ba yara tsoro fiye da bugun. A yawancin gwaje-gwajen da aka yi wa yara, kowace tsoka tana samun bugu 1,500 zuwa 2,000, da matsin da bai cika wuce 1.5 zuwa 2.5 ba a ma'aunin na'urar. In tana bugu 8 a daƙiƙa, bugu 2,000 minti huɗu ne da 'yan daƙiƙoƙi, don haka ƙafa biyu ba za su ci rabin awa ba. Ba a sa barci, ba a allura. An fi yin zama ɗaya a mako, na mako uku ko huɗu, ko da yake akwai masu tsawaitawa. Bayan an gama wurin yakan yi ja, wani lokaci da ɗan kumburi ko ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata, su baje cikin kwana ɗaya zuwa uku.

To me take yi? Ma'aikatan fisiyo suna auna sandarewa da wani ma'auni mai suna Ashworth, daga 0, wato tsoka sake, zuwa 4, wato gaɓa ta ƙi motsi sam. Abin da aka fi gani bayan bugun shi ne sandarewar ta sauka da kamar mataki ɗaya, idon sawu ya ƙara lanƙwasuwa kaɗan, yaro ya fi jure sa takalmi da miƙa ƙafa. Wannan sauƙin yakan ɗauki mako 4 zuwa 12, sannan ya fara komawa. Dalilin komawar a fili yake: aikinta a cikin tsokar ne, tana sassauta naman da ya yi tauri, tana rage kaifin saƙon da jijiya ke kai wa tsoka na ɗan lokaci, amma ƙwaƙwalwar da ke aiko da saƙon tana nan yadda take. Gwaje-gwajen da aka yi kuma ƙanana ne, yara 'yan kaɗan a kowanne, kuma sun fi nuna laushin tsoka fiye da canjin tafiya. Saboda haka duk wanda ya ce miki zuwa goma zai sa yaron ya taka ƙasa kamar kowa, ya faɗi abin da na'urar ba ta taɓa nunawa ba.

Amfaninta na gaskiya yana cikin waɗancan makonnin. Baduku yakan jiƙa fata ta yi laushi, amma in bai ja ta ya ɗora a kan abin da yake so ta bi ba kafin ta bushe, yadda take da haka za ta koma. Makonnin laushin nan su ne lokacin da takalmi mai riƙe idon sawu, da tsayuwa a kan dunduniya, da atisayen ƙarfafa tsoka suke kama jiki. In aka yi bugun aka koma gida aka zauna, kuɗin ya tafi a banza.

Kafin ma a zo nan, akwai tambayar da ita ce za ta raba gardama, kuma ba mu ga alamar an yi miki ita ba: wane irin tauri ne a ƙafar? Kina iya samun haske da kanki. Ki kwantar da shi rigingine lokacin da hankalinsa ke kwance, gwiwa a miƙe, ki riƙe dunduniya a tafin hannunki, ki tura tafin ƙafar zuwa wajen ƙwauri sannu a hankali, ba da ƙarfi ba, ki ga inda ta tsaya. Sai ki sake yi da ɗan sauri. In da sauri ta cije da wuri, amma a hankali ta tafi har tafin ƙafa ya daidaita da ƙwauri, wato digiri 90, ko ya ɗan wuce, to sandarewa ce irin wadda na'urar ke iya taɓawa. In kuwa ko a hankali, ko yana barci ma, ƙafar ba ta kaiwa nan, to tsokar da agarar sun riga sun gajarce, kuma bugu ba ya ƙara wa agara tsawo. Wannan aikin ɗaurin filasta ne, mai tauri irin na karaya, da ake canzawa duk mako ɗaya ko biyu ana ƙara lanƙwasa ƙafar kaɗan-kaɗan, in ya faskara kuma likitan ƙashi ya duba batun tiyatar tsawaita agarar. Yaran da yawa suna da duka biyun a haɗe, shi ya sa gwajinki na gida haske ne kawai, hukuncin na mai fisiyo ne da ma'aunin kusurwa a hannu. Akwai kuma nau'i na uku, mai murɗewar jiki da ke zuwa ya tafi, wanda aka fi gani ga yaran da ciwon shawara ya yi wa tsanani suna jarirai. Bayaninki bai yi kama da shi ba, amma a tabbatar.

Wani abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba: a ƙarƙashin sandarewar akwai rauni. Wasu yaran da taurin cinya suke tsayuwa. In aka sassauta tsokar da bai kamata ba, yaro mai dafa bango yana iya komawa durƙushewa. Don haka "za mu buga masa ƙafafu" ba amsa ba ce. Sai an faɗi wace tsoka, kuma don me.

Shawararmu ita ce ki fara da komawa fisiyo, ko inda kuke zuwa da, ko sashen fisiyo na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama. Ki sabunta katin inshorar lafiyarsa in ya mutu, domin fisiyo na yau da kullum yana cikin abin da inshorar ke ɗauka a asibitocin da ke karɓar ta. Ki gaya musu gaskiyar halin da kike ciki, cewa safiya ita ce kasuwarki, ki roƙi a ba ku lokaci bayan kin tashi daga ciniki, ko a koya miki atisayen gida ki riƙa zuwa sau ɗaya ko biyu a wata ana dubawa. Ki nemi abu uku a wannan zuwan. A auna idon sawu biyu, da gwiwa a miƙe da kuma a lanƙwashe, a rubuta miki lambobin a takarda. A tura ku a yi sabon takalmi, domin yaron da ke cikin girma yakan fi ƙarfin nasa cikin shekara guda ko ƙasa da haka. Cibiyar da ke Nsawam wadda aka sani da OTC ta daɗe tana ƙera irinsu, masu fisiyo kuma za su nuna miki inda ya fi kusa. Sannan a ɗauki hoton ƙugu in ba a taɓa yi ba, ko an daɗe, domin a galahanga kan ƙashin cinya yana iya zamewa daga gurbinsa a hankali ba tare da ciwo ba da farko. Ke kuma ki ɗauki bidiyonsa da waya yana tafiya a tsakar gida, daga gefe da daga baya, da gajeren wando, ƙafa ba takalmi. Wannan bidiyon da takardar su ne shaidarki.

Takalmin nan kada ki raina shi. Ana so ya kasance a ƙafa awanni da dama a rana, wajen shida ko fiye, amma a fara da awa ɗaya ana ƙarawa. A sa safar auduga mai tsawo a ciki, a tabbata dunduniya ta zauna har ƙasa kafin a ɗaure maɗaurin idon sawu. In kin cire kin ga jan da bai baje ba bayan minti 20 zuwa 30, kada ki mayar, a kai a gyara. Inshora ba ta biyan irin waɗannan kayan, amma akwai kason masu buƙata ta musamman a asusun da gwamnati ke ba majalisun gundumomi. Ki je ofishin jin daɗin jama'a na majalisar Asokore Mampong, wadda Aboabo ke ƙarƙashinta, ki yi masa rajista ki nemi taimakon takalmi ko keken koyon tafiya. Yakan ɗauki lokaci, shi ya sa gara a shigar da takarda da wuri.

In mai fisiyo ya tabbatar sandarewa ce mai sakewa, kuma takalmi ya zo hannu, to gwada na'urar ba laifi ba ne. Sai ki koma asibitin kuɗin da tambayoyinki. Wa zai riƙe na'urar, kuma yana da lasisin hukumar Allied Health Professions Council da ke yi wa ma'aikatan fisiyo rajista a Ghana? Ya saba yi wa yara masu galahanga, ko manya masu ciwon dunduniya kawai? Wace tsoka, bugu nawa, da wane ƙarfi? Zai auna kafin da bayan? Ki ce za ki biya zama-zama, uku ko huɗu, ba goma a dunƙule ba. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Wanda ya ce sai dai goma ko a fasa, ki fasa. Ki kula kuma da inda ake ɗora kan na'urar: a kan naman tsoka, nesa da ƙarshen ƙashi da ke wajen gwiwa da idon sawu, domin nan ne ƙashin yaro ke tsiro. Ba a yi a kan ƙirji ko kai, ba a yi a kan gyambo, ƙurji ko wurin da ya kumbura. Yaron da jininsa ba ya saurin tsayawa in ya ji rauni, ko yake shan maganin tsinka jini, ba a yi masa. In yana da sikila ko farfaɗiya, ko yana shan wani magani, ki faɗa tun kafin a fara, likitansa ma ya sani.

Akwai wasu hanyoyin da likita zai iya kawowa. Allurar botulinum, wadda aka fi sani da Botox, tana sassauta tsokar da aka yi wa na wata uku zuwa huɗu, wani lokaci fiye, an kuma fi daɗewa ana nazarinta a kan yara, sai dai tana da tsada kuma ita ma tana buƙatar fisiyo a bayanta. Ƙwayar baklofen tana sassauta jiki duka, tana iya sa barci da kasala, kuma in an fara ba a yanke ta rana ɗaya, domin hakan na iya jawo jijjiga. Kada ki saye ta a kemis da shawarar maƙwabta.

Yanzu batun maigida. Mun fahimci abin da ya sa kike son yin abin a ɓoye, amma ba mu goyi bayansa ba, kuma ba don ladabi kawai ba. Maganin nan sauƙinsa na makonni ne. Ranar da ƙafar ta fara komawa, ga susu ya tafi, ga shi ya ji daga bakin wani, ba kuɗi kaɗai za ki rasa ba, za ki rasa shi a duk wani magani na gaba, har da wanda yaron zai fi buƙata. Mutumin da aka sha yi wa alƙawarin warkewa ana karɓar kuɗinsa, "ko sisi" ɗinsa gajiya ce da ciwon rai, ba ƙin ɗansa ba. A wannan karon ma shakkarsa tana da gaskiya a ciki. Ki same shi lokacin da ya huta, ki fara da cewa kin yi bincike kin gano zuwa goman nan ba dole ba ne, kuma ba ki biya ba. Kada ki nemi kuɗi a zaman farko. Ki nemi ya raka ku awon nan sau ɗaya, ya ji daga bakin mai fisiyo, ya ga lambobin da idonsa. Ki ba shi aikin da zai riƙe, kamar tsayar da yaron a jikin bango da yamma, dunduniya a ƙasa cikin takalmi, suna hira na minti goma ko sha biyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma uban da ya ga ƙafar ɗansa a hannunsa ya fi saurin buɗe aljihu. Susun kuma haƙƙinki ne, amma shi ne jarin kokon da ke ciyar da yara uku. Takalmi da kuɗin mota zuwa fisiyo su ne farko, abin da ya ragu shi za a yi maganar na'ura da shi.

Hajiya surukarki jikanta take so, da abin da ta sani take neman masa sauƙi. Kada ki yi musu da ita a kan iska, ba za ki ci ba, kuma ba ki buƙatar ci. Addu'a da tofi da sadaka, ki ce mata ta riƙe wannan ɓangaren, ku kuna godiya. Inda za ki tsaya kai da fata shi ne tsaga, da gasa ƙafa da abu mai zafi, da jan ƙafa da ƙarfi a wurin masu ɗori, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Tsaga tana kawo ƙwayoyin cuta da zubar jini, ciwo kuma yana ƙara sandarewa, ƙashin yaron da bai cika takawa ba kuwa bai da ƙwari, yana iya karyewa a hannun mai ja. Wannan maganar ɗanta ne ya kamata ya faɗa mata, ba ke ba, wani dalilin ke nan na jawo shi jiki tun yanzu.

Shi ma yaron a tambaye shi. Ɗan shekara 6 mai hankali garau ya san abin da yake so: ya tsuguna a bayi ba a riƙe shi ba, ko ya sa takalmi irin na yayansa, ko ya kai ƙofar makaranta da ƙafarsa. Ku zaɓi ɗaya ku sa shi a gaba, shi ne ma'aunin da ya fi lambobi ma'ana a gida. Ranar zaman farko a bar shi ya ji ƙarar na'urar, a ɗora a hannunki ya gani, a fara da ƙaramin ƙarfi. In yana ihu yana ƙanƙamewa, a tsaya a rage, domin tsokar da ke cikin tsoro ƙara ɗaurewa take yi. Haka nan in kin ga jikinsa ya sandare fiye da kullum a rana ɗaya, ki duba zazzaɓi, ko rashin bayan gida, ko ciwon fitsari, ko takalmi na cizonsa, kafin ki ce magani ne ya ƙi.

Mako ɗaya ko biyu bayan zama na ƙarshe, ki koma wurin wanda ya yi awon farko, ba wanda ya yi bugun ba, a sake aunawa, ki sake ɗaukar bidiyo a wuri ɗaya da na farko, ku kalla ke da maigida. In kusurwar ta ƙaru, dunduniya ta fara kusantar ƙasa, takalmi ya daina gardama, ku matsa atisaye a makonnin nan, a bar maganar maimaita bugun sai bayan wata uku in ƙafar ta sake ɗaurewa. In lambobin ba su motsa ba, ku tsaya nan, ko da an ce muku sai an ƙara shida ake ganin aiki, ku ɗauki takardar awon da hoton ƙugun ku nemi a haɗa ku da likitan ƙashi na yara.